Su Wane da Su Wane a Sansanin 'Yan Sikawut

Da zarar an rufe makarantu don dogon hutu a ƙarshen Yuli, yaran unguwar Arawa ta garin Gombe sukan kasu kashi-kashi. Wasu a tura su gona, tunda damina ta yi tsakiya. Wasu shagon ɗinki ko garejin Kawu. Wasu kuma ƙauye wurin Goggo, su je su yi ƙiba da gasasshiyar masara. Sai 'yan tsirarun da za a gani da sassafe a bakin titi cikin kaki, ƙyalle ɗaure a wuya, kowa zaune a kan jakarsa, ana jiran motar da aka ce za ta zo ƙarfe bakwai. 'Yan sikawut ke nan za su sansani. Motar dai sai hantsi ya dubi ludayi take isowa, kuma wannan jiran shi ne darasin farko, ko da yake babu shi a jadawali.

Al'adar ta girmi kakanninsu. A watan Agustan 1907 ne wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, ya kwashi yara 20 ya tsallaka da su tsibirin Brownsea, ya raba su tawaga huɗu, kowace da sunan dabba ko tsuntsu, ya sa su kwana a tanti suna koyon bin sawu da ceton rai. Da shekara ta zagayo ya fitar da littafinsa, zuwa 1915 abin ya iso Najeriya. Har yau tsarin yana nan: yara shida zuwa takwas a tawaga, shugabansu daga cikinsu, babban malami yana kallo daga gefe. A nan ƙasar galibi harabar makarantar da ɗalibanta suka tafi hutu ake arowa, ko wani fili a bayan gari. Sai dai Agustan Gombe watan marka ne, kuma kwana uku cikin ruwa da tukunya ɗaya sun isa su tona halin da yaro ya shekara yana ɓoyewa a aji.

Tun a bakin titin ake gane Mai Lodi. Ba shi ya haɗa kayansa ba, Dada ce ta haɗa, ta kuma haɗa su da zuciyar wadda ɗanta zai tafi yaƙi. Takardar da Malam ya raba cewa ta yi tabarma, bargo, gidan sauro, kwano, kofi, cokali da tocila. Shi kuwa ga katifa an naɗe da igiya, ga filo, ga jakar bakko biyu, ga robar dambun nama, ga bokiti mai murfi maƙil da cincin da ƙuli-ƙuli. In mota ta tsaya inda laka ta tare hanya aka ce kowa ya saɓi kayansa a ƙarasa da ƙafa, sai ya fara kallon sama yana haɗiyar yawu. Amma kada a yi saurin yi masa dariya. Kafin dare na biyu babu wanda ya kai shi yawan abokai.

Babban amininsa shi ne Ara-Mini, wanda ya zo da kakin jikinsa da cokali ɗaya a aljihu, sai fara'a. Sabulu, "Hamma, ara mini." Tocila, "Hamma, minti biyu." Bargo ma rabi yake roƙa, kafin asuba mai bargon ne a waje yana rawar sanyi. Cikin dokokin sikawut ɗaya ce ta zauna masa daram, wadda ta ce kowane ɗan sikawut ɗan'uwan ɗan sikawut ne, ya kuma fahimce ta a babin rabon gado. Ranar komawa gida, shi da ya zo hannu rabbana, da jaka yake hawa mota.

Sai Mai Usur. Makon jiya aka naɗa shi shugaban tawaga, aka rataya masa usur a wuya, tun daga ranar bai sake magana da baki ba sai dole. A Brownsea da ƙahon wata dabba dangin gwanki, wanda ya samo a kudancin Afirka, Baden-Powell yake tashin yaransa, busa ɗaya da safe ya wadatar. Shi kuwa wannan yana busa don a tashi, yana busa don a yi layi, yana busa don a gyara layin, yana busa don ya ji ko usur ɗin na nan lafiya. Yaran da suke wasan ƙwallo tare a lungun Arawa, yau in sun kira sunansa sai ya ce a tsaya a ƙame tukuna. Ƙarshensa sananne ne a kowane sansani: wani dare usur ya ɓace. A yi ta bincike da safe, kowa yana taya shi jimami da fuskar tausayi, a tarar da shi ranar tashi a gindin buhun shinkafa. Abin lura, a kwanakin da ba shi da usur ne ya fi iya shugabanci, don dole ya koyi kiran mutane da sunansu.

Akwai Mai Hadda, wanda ya haddace ranar haihuwar Baden-Powell, 22 ga Fabrairun 1857, da cewa a Nyeri ta ƙasar Kenya aka binne shi a 1941, amma bai san inda ya ajiye safarsa ba. Shi ne zai bayyana wa sababbi cewa yatsu uku na sarawa suna tuna wa mutum haƙƙin Ubangiji da ƙasa, da haƙƙin jama'a, da kiyaye dokar sikawut. Shi ne kuma zai ba da labarin musabiha da hagu, wanda 'yan sikawut ke cewa an samo shi wurin Asantawa, lokacin da Baden-Powell ya je Kumasi da sojan Ingila a 1896: jarumi a hagu yake riƙe garkuwa, don haka miƙa hagu alama ce ta ya ajiye kariya ya amince da kai. Labari mai daɗi. Illarsa, Mai Hadda ba ya sanin inda sansani ya ƙare. Ranar da ya koma gida ya miƙa wa Baffa hagu a zaure gaban baƙi, tarihin Kumasi bai cece shi ba.

Kafa tanti fagen Gwanin Ƙulli ne. Guntuwar igiya ba ta rabuwa da aljihunsa. Ya iya ƙullin haɗa igiya biyu masu kauri ɗaya, da na haɗa siririya da kakkaura, da zargen da ba ya shaƙewa wanda ake ciro mutum daga rijiya da shi, kuma ido rufe yake yin su. Matsalarsa, ya ɗauka tanti ƙulli ne kawai. Ba ya duba inda ƙasa ta gangara, ba ya haƙa 'yar magudana kewaye, turakun ma a yashi mai laushi yake buga su. Ga shi ƙasar Gombe ba ta wasa da ruwa. Duk wanda ya tashi tsakanin Arawa da Kagarawal da Malam Inna ya san yadda ruwan dare ɗaya ke ƙara wa kwari faɗi har ya ci katangar mutane. Ƙarfe biyun dare hadari ya taso daga gabas, iska ta zare turaku, tanti ya kwanta a kan mutum takwas, ruwa ya bi ta ƙarƙashin tabarmi ya tafi da silifas. Da gari ya waye a tarar da ƙulle-ƙullen nan yadda aka bar su, ko wuƙa sai ta yi da gaske. Abin da yake nuna wa jiƙaƙƙun abokansa ke nan: "Ku duba fa, ƙullin bai kwance ba."

Ba sai ya ji kunya da yawa ba, manya ma sun yi irinta. A Agustan 2023 aka yi babban taron 'yan sikawut na duniya karo na 25 a Saemangeum da ke Koriya ta Kudu, matasa sama da 40,000 daga ƙasashe fiye da 150, a wani fili da aka cike daga teku, babu inuwar kirki. Zafi ya kwantar da ɗaruruwa, tawagar Birtaniya ta kwashe nata zuwa otal-otal a Seoul, ta Amurka ma ta fice, sannan guguwar Khanun ta tunkaro aka kwashe kowa kafin ranar rufewa. Ƙungiyar da takenta shi ne zama cikin shiri ke nan, da kuɗin gwamnati a bayanta. Ina ga yaron da ya zo da tampol ɗin aro?

Madafa ita ce majalisar dokokin sansani, nan ake kowace irin siyasa. Shugabanta Kuku, yaron da Allah ya sa shi kaɗai ne namiji a tsakiyar yayye mata, ya koyi girki a hannun Adda da ranƙwashi. A makaranta tsokanarsa ake yi. A sansani kuwa shi ne mai faɗa a ji, ko Mai Usur a ladabce yake tunkararsa. Shi ya san cewa wake ake fara sakawa ya yi nisa kafin shinkafa ta bi in ana son garau-garau, shi ya san gishirin mutum 40 ba a zuba shi da ƙiyasin gishirin mutum huɗu, shi kuma ya san ɗanyen itace a damina hayaƙi yake haifarwa da hawaye.

Kusa da shi akwai Mai Ashana Biyu. A tsohuwar jarrabawar sikawut ana so yaro ya haɗa wuta da ƙwayar ashanar da ba ta wuce biyu ba, shi kuwa ya sanar da kowa cewa ɗaya ta ishe shi. Ya durƙusa, ya jera ƙirare, ya ƙyasta, iska ta kashe. Ya ƙyasta, ta kashe. A ce kwalin ashana na biyu ya yi rabi, fuskarsa ta yi baƙi, idanu sun yi ja, sai ya aiki ƙaramin yaro a ɓoye ya roƙo kananzir wurin maigadin makaranta. In wuta ta tashi ya miƙe yana kaɗe gwiwa: "Dabara ce kawai." Da ya bi shawarar Kuku ya kwana da busassun ƙirare a cikin leda a ƙarƙashin kansa, da bai sha wannan wahalar ba.

Na uku a madafa Mai Ɗanɗano ne. Ba ya yanka albasa, ba ya ɗebo ruwa, amma kishin lafiyar jama'a ba ya barinsa ya yi nisa da tukunya. Ya ɗanɗana ko gishiri ya ji, ya dawo ya ɗanɗana ko ya narke, ya sake dawowa don tabbatarwa. Lokacin rabo shi ne na farko a layi, kuma in aka duba da kyau shi ne na goma sha bakwai, ya cire ƙyallen wuya ya canza kwano. Wankin tukunya kaɗai yake nema da kansa, ba don tsafta ba, don ƙanzo. Rigimar ƙanzo ta raba tawagogin da ruwan sama bai raba ba, har wasu malamai kan sa shi cikin jadawali, yau na tawagar Zaki, gobe na tawagar Shaho.

In an busa usur ɗin fareti bayan sallar asuba, nan Majinyaci ke bayyana. Cutarsa tana da ladabi: ƙarfe shida take zuwa, ta lafa lokacin koko da ƙosai, ta dawo in an ce a haƙa ramin shara, ta warke sarai da la'asar in an fito da ƙwallo. Allah kuwa ya haɗa shi da daidai shi, wato Likita, yaron da aka damƙa wa akwatin agajin gaggawa. Likita ya ga 'yan agajin masallacin Juma'a da farin akwatinsu tun yana ƙarami, ya ƙudura a ransa. Yanzu da ya samu, ba ya son ganin mutum lafiya ƙalau. Ƙaya ta soki yaro a yatsa, sai a naɗe shi da bandeji har gwiwar hannu. Ciwon kai man zafi, ciwon ciki man zafi, kewar gida man zafi. Majinyaci yakan warke ne don tsoron magani.

Duk da haka akwai wurin da Likita ya cancanci a saurare shi, kuma a nan dariya ke tsayawa. Jihar Gombe ƙasar macizai ce, ba a banza aka yi asibitin masu cizon maciji a Kaltungo ba, kuma damina ce lokacin da kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, ta fi cizon manoma da makiyaya. Abin da aka koya wa Likita daidai ne: ba a tsaga wurin da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti inda ake allurar kashe dafi. Don haka in ya bi tanti-tanti da safe yana cewa a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, a kuma daina fita fitsarin dare ba tocila, gara a yi haƙuri da iyayinsa.

Ɗan Dada kuwa ba ya ciwo, ba ya rigima. Da rana garau yake. Magariba na yi, aka sallame salla, ƙamshin tuwon wani gida na nesa ya biyo iska, sai a ga ya juya baya yana kallon wajen da yake zaton nan Arawa take. In an tambaye shi ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Malamin da ya san aiki ba ya lallashi a gaban mutane, aiki yake ba shi: riƙe fitila, ƙirga kwanuka, kula da wanda ya fi shi ƙanƙanta. Zuwa kwana na uku ya manta. Sai dai in Mai Ziyara ta ɓata shirin. Ita ce uwar da ta yi haƙurin kwana ɗaya cur, ta tari Keke Napep ta sauka a bakin sansani da kular tuwo da miyar kuka da man shanu. "Malam, ba daɗewa zan yi ba, in gan shi kawai." Ta gan shi, ta ce ya rame. Yaron da ya fara warkewa ya fashe da kuka, sauran 39 kuma su tsaya suna kallon kula.

Zamani ya kawo nasa mutumin, Mai Waya. An ce kada a zo da waya, ya zo da ita a cikin safa. Tanti bai gama tsayuwa ba hotonsa ya hau Facebook, hannu a ƙugu, gatarin aro a kafaɗa. Duk aikin da aka yi yana cikin hoton, ba ya cikin aikin. Rana ta biyu caji ya mutu, ya shiga fatauci, yana ba da dambun naman Mai Lodi don a sa masa waya a batirin motar Malam. Rana ta uku ya gano wani tudu inda sabis ke kamawa in an ɗaga hannu sama an tsaya da ƙafa ɗaya. Amfaninsa guda ne, kuma babba: bayan shekara goma, hotunansa kaɗai za su rage.

Ranar doguwar tafiya ita ce ranar Mai Kamfas. 'Yan Gombe ba su rasa inda za su gwada ƙafa ba. Ga dutsen Liji a gabashin gari, ga Bima can wajen Dadin Kowa, ga tsaunukan Tula da Kilang a kudu ga masu kuɗin mota. Mai Kamfas ya shige gaba, ya ɗora na'urarsa a tafin hannu kusa da ƙarfen bel ɗinsa, allura ta karkata wajen ƙarfen, shi kuma ya bi ta da gaskiya. Kalmarsa ɗaya ce, "Saura kaɗan." Awa biyu ana saura kaɗan, har a sake wuce tsamiyar da aka huta a gindinta ɗazu. A ƙarshe wani yaro mai kiwo da sandarsa ya nuna musu hanya da haɓa, ko tsayawa bai yi ba. Lokacin azahar kuma a yi gardamar alƙibla. A nan kamfas ke fanshe kansa in an nisanta shi da bel: daga Gombe alƙibla gabas ce mai karkata arewa, kimanin digiri 64 daga arewa, ba gabas sak da yawancin yaran ke fuskanta ba.

A wannan tafiyar ake gane Mai Binciken Tsirrai, wanda sha'awar ilminsa ba ta tashi sai a gefen gonar gyaɗa ko masara. Yakan tsaya ɗaure igiyar takalmi, ya iso daga baya kumatu cike. Manomi kuwa ba ya bukatar darasin bin sawu. Kafin la'asar ya iso sansani da ɓawon a hannu, Malam ya ba da haƙuri ya biya, tawagar mai laifi ta kwana wankin tukwane, ba ƙanzo.

Da dare a haɗa babbar wuta in sama ta yarda. Nan Ɗan Wasa ke cin kasuwarsa. Ya kwaikwayi tafiyar Malam, ya kwaikwayi Kuku yana korar mutane da muciya, ya kwaikwayi Majinyaci, kowa na dariya har da waɗanda ake yi da su, ban da Mai Usur. Bayansa Mai Labarin Aljanu ya karɓa. Shi ya san wani da ya san wani da ya kwana a wannan makarantar, ya ji ana jan benci a aji na uku da tsakar dare. Yana gamawa a raba gadi, awa bibbiyu, ƙuri'a ta faɗa kansa ƙarfe ɗaya zuwa uku. Ba a yi rabin awa ba sansani ya kaure da ihu, ya ga idanu biyu suna ƙyalli a bayan madafa. A fito da sanduna da tocila, a tarar da akuyar maigadi tana lasar tukunya.

Abokin gadinsa bai ji ihun ba. Wannan shi ne Mai Barci, wanda ke iya yi a tsaye, jingine da sanda. A Mafeking, garin da Baden-Powell ya tsare kwana 217 yana kewaye da abokan gaba tsakanin 1899 da 1900, yara ne ke kai saƙo da tsaron hasumiya, kuma ganin ƙwazonsu na cikin abin da ya sa masa tunanin kafa ƙungiyar. Da Mai Barci aka ba hasumiyar, da an taƙaita yaƙin.

Ranar rufewa manya ke zuwa. Akwai Tsohon Sikawut, furfura fes, kakinsa na shekara arba'in ya matse shi a ciki, bajo har kafaɗa. Ya ce yana Shere Hills ta Jos a 1977 lokacin taron 'yan sikawut na Afirka, kuma a bakinsa ruwan wancan zamanin ya fi jiƙa mutum, duwatsun ma sun fi tsawo. "Ku yanzu hutu kuke yi." Ana ba shi minti biyar ya ci arba'in, amma a bar shi, domin shi ne ya biya kuɗin buhun shinkafar bai gaya wa kowa ba. Sai Babban Baƙo, wanda aka rubuta zai zo ƙarfe goma, yara suka ƙame a rana tun tara da rabi, ya aiko wakili ƙarfe ɗaya. Wakilin ya karanta jawabin da ya ce matasa ne manyan gobe, ya yi alkawarin tantuna sababbi, ya dasa bishiya ɗaya ana tafi. Tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, da wuya a yi taro a watse ba a dasa wani abu ba. Wanda zai ba ta ruwa bayan an tafi, wannan ba ya cikin jawabi.

Mai ba ta ruwan shi ne mutumin da ba a lura da shi sai ranar da ya yi zazzaɓi. Ba shi da laƙabi, don ba ya yin abin da za a tsokane shi da shi. Ya tashi a unguwar da ruwan Dadin Kowa, mai tafiyar sama da kilomita 30 kafin ya iso gari, ba kullum yake kaiwa famfo ba, ya saba bin kurar 'yan ga-ruwa da layin rijiyar burtsatse tun kafin ya iya karatu. Don haka in ya ga jarka ba kowa a ciki, ɗauka kawai yake yi. Shi ya cika butoci kafin asuba, shi ya haƙa magudanar da ta sa tantinsu bai jiƙe ba, shi ya rufe itace da leda da ya ga hadari, shi ya raka ƙaramin yaro bayan gida da tocila ƙarfe uku na dare. Ranar da ya kwanta, koko ya makara, alwala ta zama rigima, Kuku ya zauna ya haɗa tagumi, Mai Usur ya yi ta busa ba wanda ya motsa.

Wajen rabon kyaututtuka kuwa Gwanin Ƙulli ya karɓi bajo, Mai Hadda ya ci gasar kacici-kacici, Ɗan Wasa ya sami tafi, Mai Usur ya sami takardar yabo kan shugabanci. Shi kuwa marar laƙabin yana can bayan aji yana ɗauraye tukunyar da za a mayar wa masu ita. Wannan kuskuren malamai ne, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi: kowace tawaga ta zaɓi wanda in babu shi da ta sha wuya, a kira shi gaban Babban Baƙo, ko wakilinsa. Yaran sun san shi, ba za su yi gardama ba.

Ku kuma iyayen Arawa da za ku sallami naku a hutu mai zuwa, ku rubuta sunansa a gindin kwano da kofi, ku sa masa gidan sauro da tocila mai sabon batir da takalmi rufaffe, ku rage cincin ɗin zuwa rabi. Kular tuwon nan kuma a ajiye ta sai ranar da ya dawo.